Abin da Zare Ya Tuna

Ran Laraba Gwaggo Tabawa kan dawo daga Sabon Gari,
ƙafa duk taɓo, ƙunshi a ka,
suwaitar gwanjo biyar ko shida
waɗanda asu ya ci wa gwiwar hannu,
waɗanda mai dila ya ce ta kwashe, ya huta.

Sai ta ce, "Sallau, miƙo hannuwanka."
Ni ne turakunta, ni ne mazarinta.
Ta nemo bakin zaren a wuyan riga,
ta cije shi da haƙorin da ya rage mata,
ta ja.
Riga ta soma narkewa kamar kitso a hannun makitsiya,
layi na bin layi,
har abin da wani ya yar a wata ƙasa
ya dawo curi uku a cikin ƙwarya.

Zaren kan fito a nannaɗe,
yana lanƙwasa yana tuna inda ya kwana.
Ta ɗora shi kan tururin tukunya,
ta ce, "Mutum ma haka yake, ɗana,
ka ba shi ɗumi ya miƙe, ya manta."

Gefen gidanmu a Tudun Jukun akwai lambatu.
Da marka ta sauka, tsumma ya toshe shi,
leda ta taya, ruwa ya rasa hanya,
ya shigo mana zaure har gindin randa.
Gwaggo ta tsaya da zane a ɗage
ta nuna da haɓa:
"Ka ga huluna arba'in can suna ruɓa,
gobe Kubanni za ta haɗiye su, ba ta roƙa ba."

Ba ta yi boko ba, amma ta iya lissafi.
Ta ce sabon zare mai tsadar ciki ne:
ya sha gona, ya sha taki, ya sha feshi,
ya sha rini, ya amayar a rafi.
Tsohon kuwa ya riga ya ƙoshi.
Sabulun wanki kawai yake so, da igiya, da rana,
da mai haƙurin kwance ƙulli.

Telolin cikin birni sun san sallamarta.
Ragowar zaren aska da na wuyan jamfa,
guntaye da ba su kai kamu ɗaya ba,
ta ƙulla wannan da wancan, kore da ja,
har suka zama shimfiɗar kujera,
jakar littafin Lantana,
murfin tulu, safar jarirai
da take kai wa masu jego a bakin asibitin Shika.
Da kuɗin aka saya mini takalmin makaranta.
Allura ƙarfe ce, kwarashi ma haka.

Shekarar da Baba ya kwanta dama,
suwaitarsa ta aikin jirgin ƙasa
ta kwana bakwai a jikin ƙusa.
Ran na takwas Gwaggo ta sauko da ita.
Na ce, "Wannan kam a'a."
Ta dube ni, ta ce, "To, asu ya gaje shi?"
Na miƙa hannu ina kuka.
Shuɗin ulu ya zagaye ni, ya sake zagaya,
da ƙanshin gawayi da man inji,
kamar shi ne ya riƙe ni.
Ta dunƙule, ta jefa a adaka, ba ta ce komai ba.

Yau Gwaggo ba ta gani sosai.
Jiya aka yi sunan ɗiyata.
Da yamma ta lalubo kan jaririyar,
ta sa mata wata 'yar hula shuɗiya,
ɗinkin ya ɗan karkace wajen kunne.
Ban tambaya ba.
Na sunkuya na shinshina.